Aron Ƙofa

Ranar da Injiniya ya cire ƙofar ɗakin matarsa, da fara'arsa ya shigo gida, har da 'yar ledar lemo a hannu. Auta na ganin ledar gabanta ya faɗi, don ta san mijinta ba ya shigowa da tsaraba sai in zai fita da wani abu.

Tana zaune a bakin gado, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura a kan matashi. Cikin ya tsufa, tashi ma sai ta dafa bango.

"Madam, ya ƙarfin jiki?" in ji shi.

"Da sauƙi. Yau kuma me za a ara?"

"Haba, ke kam! Mutum ba zai yi wa iyalinsa alheri ba sai da dalili?"

Bakinsa ne ke wannan magana, amma idonsa na kan ƙofar, yana bin ta daga sama zuwa ƙasa kamar mai taya akuya a kasuwa.

Injiniya dai bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Wani mai gida ne ya kira shi da sunan a ranar da ya ji daɗin aikinsa, shi kuwa ya cafe bai sake saki ba. Ɗan kwangila ne mai ƙarasa gini: ƙofofi, tagogi, silin, fenti, famfo. A gari an san shi da abu ɗaya, ba ya saɓa ranar miƙa aiki. Masu gini har faɗa wa juna suke yi, "In kana son ka shiga gidanka ranar da ka ce, nemi Injiniya." Shi ma yana son jin haka fiye da yadda yake son abinci.

Abin da masu gini ba su sani ba shi ne yadda ake kai wa ga wannan rana. Injiniya ba ya cewa a'a. Aiki uku zai karɓa lokaci guda, kowa ya yi masa alkawari da murmushi, ya raba ma'aikata biyar gida uku. Yana da tef ɗin awo a aljihu, amma ado ne, da taƙin hannu yake auna komai, ya ce hannunsa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Kaya kuwa ba ya yin odarsu sai wuta ta kama. Idan ranar ta matso aka ga abu bai iso ba, ko ya iso bai yi daidai ba, sai Injiniya ya tuna yana da gida. Haka fankar falo ta tafi, haka kan famfon kicin ya bi ta. Ba a taɓa cewa an ɗauka ba, aro ake cewa.

"Kin san Hajiya mai makaranta," ya ce yana zaro sukudireba daga aljihu. "Ƙofar ofishinta da na sa aka haɗo ta zo, sai ta yi ƙanƙanta. Masu haɗawar ne ba su da kai. Ga buɗe makaranta ya zo, iyaye za su cika wurin. Kuma ikon Allah, awon bakin ƙofarta da na nan ɗaya ne cif."

"Ƙofar ɗakina?"

"Aro ne. Jibi tata za ta iso, in dawo miki da taki da hannuna."

"Injiniya, ka dube ni fa. Ka ga halin da nake ciki. Ma'aikatanka a tsakar gidan nan suke wuni."

"Ai duk 'yan'uwa ne, wa zai kalle ki? Sha lemonki."

Kafin ta ɓare lemo ɗaya ƙofa ta kwanta a ƙasa. Ya kafa ƙusa biyu, ya rataya mata wani tsohon zanin gado mai furanni, ya ja baya ya dube shi da alfahari irin na wanda ya gama gadar sama. Ya ce iska ma za ta fi shiga.

Iska kuwa ta shiga, ba ita kaɗai ba. Tsakar gidan Injiniya ita ce ma'ajiyarsa, nan ake jibge siminti da gwangwanayen fenti da katakai, nan ma'aikata ke haɗuwa da safe su jira a raba musu aiki, kuma da yake rabon aikin a bakin Injiniya yake, shi kuma yana can yana lallashin wani mai gini, jiran kan kai azahar. Ɗakin Auta na kallon wurin kai tsaye. Mace mai tsohon ciki a lokacin zafi ba abin da take so kamar ta rage kaya ta kwanta ta bar jiki ya sha iska. Auta sai ta koma kwanciya da mayafi, hannu ɗaya a kan ciki, ido ɗaya a kan zanin gado. Ta danne gindin zanin da bokiti, iska ta ture bokitin. Ta danne da dutse, iska ta ɗaga shi ta gefe. Ƙurajen zafi suka feso mata a wuya da baya, ga ƙaiƙayi, ga ba damar sosawa yadda rai ke so.

Jibi ta zo ta wuce. Da ta tuna masa, sai ya ce mai haɗa ƙofar ya rasu. Da ta sake tunawa, ya ce an haɗa amma fenti bai bushe ba. Daga baya ya ce direban da zai kawo ta ne ya yi tafiya. Auta ta lura duk wanda ke cikin labarin ƙofar nan yana da laifi, in ban da mai ba da labarin.

Wata rana da hantsi ta fito daga wanka, ta shiga ɗaki tana sauya kaya, sai iska ta zo ta ɗage zanin gadon gaba ɗaya ta maƙale shi a kan ƙusa. Mai fenti, wani dattijo mai kunya, yana tsugune daidai wurin yana gauraya fenti. Ya kau da kai da sauri har ya zubar da rabin gwangwani a ƙafarsa. Daga ranar ya daina gaishe ta, in ya hango ta sai ya sunkuyar da kai ya bi ta bayan katakai. Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Ta zauna a ƙuryar ɗaki ta yi kuka mai isarta, a hankali, don ko kukan ma ba shi da ƙofar da za ta rufe shi.

Da Inna, mahaifiyar Injiniya, ta zo duba ta, Auta ta ga ta samu wanda za ta kai wa ƙara. Ta kawo mata ruwa, ta zauna a ƙasa duk da nauyin jiki, ta faɗa mata komai cikin ladabi.

Inna ta dubi zanin gadon, ta taɓa shi, ta ce, "Ai kuwa zanin mai kyau ne."

"Inna, ba zanin ba ne. Maza ne cike da gidan."

"To 'yar nan, mazan nan ba su ne abincinku ba? Mijinki fa ba yawo ya kai ƙofar nan ba, sunansa ya je karewa. Ko ina na shiga sai an ce mini, ke ce uwar Injiniya mai cika alkawari? Ke ba ki jin daɗi? Na waje shi ake gudun ɓacin ransa. Ke ta gida ce, ina za ki?"

Auta ta ce, "Haka ne, Inna." Amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Ta gida ce, ina za ta.

Don kada a ce bai yi komai ba, Injiniya ya jawo wani faffaɗan katako ya jingina a bakin ɗakin, ya ce ta riƙa jansa in za ta kwanta. Katakon ya fi ƙarfinta, sai ta sa kafaɗa take ture shi. Rannan ya zame ya faɗo mata a ɗan yatsan ƙafa, farcen ya yi baƙi. Ba ta gama jinyar farcen ba aka zo aka ɗauki katakon, wai ana zuba siminti a wani gida an rasa abin tarewa. Shi ma aro ne.

A haka haihuwa ta zo. Ta sauka lafiya a asibiti, ta samu 'ya mace mai yawan gashi. Tana kan gadon asibitin ta riƙe hannun mijinta ta ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada in koma ɗakin nan ba ƙofa."

Ya dafa ƙirji. "Ki ɗauka an gama. Kafin a sallame ki za ki tarar da ita."

Ta tarar da zanin gado. An dai wanke shi, wannan kam ba za a ci haƙƙinsa ba.

Ga shi damina ta kama. In hadari ya taso, feshin ruwa har tsakiyar ɗaki. In rana ta fito, ƙurar siminti da warin fenti su karɓi aiki. Jaririya ta fara atishawa, daga nan hanci ya toshe, tana shan nono tana saki don ta ja numfashi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce a nisanta ta da ƙura da sanyi, a riƙa rufe ɗaki. Auta ta ce to, don ba ta san ta inda za ta fara bayani ba. Shayarwa kuwa sai ta juya wa duniya baya, ta fuskanci bango, ta lulluɓe kanta da 'yar da mayafi, su biyu suna gumi.

Injiniya ba mugu ba ne, wannan ne ma abin haushin. Yana son 'yarsa, yana ɗaukarta yana yi mata rawa, ya ce ita ce za ta gaji kamfani. In ta yi atishawa sai ya ce, "Kai, wannan mura ta gari ce, kowa na yi." Sai wayarsa ta yi ƙara, ya miƙa wa uwar 'yar, ya fita yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai muna kan hanya," alhali ko takalmi bai sa ba.

Ranar da Hajiya mai makaranta ta zo gidan, ba Auta ta zo nema ba. Tana son ta ba Injiniya aikin sabon ginin ajujuwa, ta yi ta kiran wayarsa a kashe, don ya kashe ta ne saboda wani mai ginin da ke nemansa ruwa a jallo. Ma'aikata suka nuna mata ɗakin matar gida. Ta yi sallama, ta ɗaga zanin gadon ta shiga, mace mai jiki da ƙamshin turare da tabarau a goshi.

Aka gaisa. Ta karɓi jaririya ta yi mata addu'a, ta ce ga hancin ubanta nan. Sannan ta shiga yabo.

"Ƙanwata, kin yi dacen miji. Ni na sha wuya a hannun 'yan kwangila, wani har sai da na bi shi gidan surukansa. Amma Injiniya? Ranar da ya ce, ranar ya ba ni makulli. Komai tsaf. Abu ɗaya ne kawai ke ba ni wahala, ƙofar ofishina. Tunda ruwa ya fara sauka ba ta rufuwa sai na yi kokawa da ita. Jiya har malamai biyu na kira suka taya ni."

Auta na gyara wa 'yar hula, hankalinta rabi a nan rabi a can, sai bakinta ya riga ta.

"Ai ba turawa ake yi ba, Hajiya. Ki kama hannun ki ɗan ɗaga ta sama, sai ki danna da gwiwa daga ƙasa. Haka take yi duk damina."

Hajiya ta sauko da tabarau daga goshi ta sa a ido. Ta dubi Auta, ta juya a hankali ta dubi zanin gado mai furanni, ta dubi ramukan ƙusoshi a jikin katakon bakin ƙofa. Daidai lokacin iska ta ɗaga zanin, sai ga maza shida a zaune kan buhunan siminti suna shan shayi.

"Ƙofarki ce," in ji ta. Ba tambaya ba ce.

Auta ta sunkuyar da kai. "Aro ne, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a buɗe makaranta."

"Da cikin a jikinki? A nan kika yi ta zama haka, kuma a nan kika dawo da jaririya?"

Jaririyar ce ta amsa da atishawa.

Da Hajiya ta buɗe baki, muryar ta sauya. "Da ya zo ya ce mini, Hajiya, na yi kuskuren awo, ƙofa ba za ta samu ba sai bayan an buɗe, me zan yi masa? Zan yi faɗa, in huce, in rataya labule a ofis. Wa zai mutu? Ofis ne, ba ɗakin mai jego ba. Ni ina can ina rufe ƙofa ina yabonsa a gaban mutane, ashe tsiraicin wata na rufa a kaina." Ta miƙa mata 'yar, ta tashi. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Yanzu kuma ban san me ke jikin ginina nawa ba, me ke na mutane."

Washegari da rana motar kaya ta tsaya a ƙofar gida, aka sauke ƙofar Auta, har da ɗan allon da aka manna mata mai rubutun Shugabar Makaranta. Direban ya ce Hajiya ta ce a gaishe da mai jego, kuma a gaya wa Injiniya maganar sabon gini ta ba wani.

Injiniya ya shigo kamar zai tashi sama. "Kin kashe ni! Shekara da shekaru ina gina suna, kin rushe shi da baki ɗaya. Wa ya tambaye ki yadda ake rufe ƙofa?"

"Ita ta ce tana ba ta wahala."

"Sai ki ce Allah ya kyauta! Haka ake yi. Mai ba da aiki ba gaskiya yake so ba, rana yake so."

"To ita dai ta ce da ka gaya mata gaskiya da ta jira."

"Faɗa kawai take yi."

Ya gama faɗansa, ya jingina ƙofar a bangon tsakar gida, daura da ɗakin, ya ce ransa a ɓace yake, ba zai taɓa sukudireba yau ba. Auta na zaune tana kallon ƙofarta ta gefen zani, kusa har tana iya karanta allon, amma ba ta da amfani gare ta.

Kwana ya yi ta tafiya ƙofa na jingine. Ran nan da yamma Injiniya na tsakar gida wayarsa ta yi ƙara. Auta ta ji yana cewa, "Alhaji, kada ka damu, gobe kafin la'asar ɗakin ajiyarka zai rufu. Ai ƙofar ma tana hannu." Ya kashe wayar, ya waiga ya ga ba kowa, ya matsa jikin ƙofar ya fara auna faɗinta da taƙi, yana motsa leɓe. Bai san zanin gado yana da 'yar huda ba.

Auta ba ta yi kuka ba a wannan karon. Wani abu ne ya kwanta mata a rai, mai sanyi, kamar ta sha ruwan randa.

Da safe, yana fita neman mota, ta goya 'yarta ta yafa mayafi ta taka zuwa bakin titi. Akwai wani kafinta a wurin, mai 'yar rumfa, wanda Injiniya ya raina, ba ya kiransa da komai sai mai haɗa benci. Ta gaishe shi ta ce tana da aikin kafa ƙofa.

"A wane gida, Hajiya?"

Ta faɗa masa. Ya ajiye zarto ya dube ta da kyau.

"Gidan Injiniya? Ni? Ai sai a ce na yi rashin kunya."

"Ni ce mai ɗakin, ni na kira ka. Yaushe za ka iya zuwa? Ka faɗa mini gaskiya, in ba yau ba ne in nemi wani."

Ya dubi aikin da ke gabansa. "In gama wannan kujerar, mai ita na jira. Kafin azahar ina nan."

Kafin azahar kuwa ya zo. Ma'aikatan Injiniya na zaune suka ga mai haɗa benci ya shigo gidan ubangidansu da jakar kayan aiki, kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Dattijo mai fenti ne ya fara tashi, ya kama gefen ƙofar ya riƙe masa. Kafintan ya goge gindinta inda take cijewa, ya ɗaure ta, ya gwada ta sau da yawa. Auta ta ce ya ƙara mata sakata ta ciki, babba. Maƙwabta mata suka leƙo ta katanga, labari kuwa kafin la'asar ya kai bakin titi ya dawo: matar Injiniya ta ɗauko kafinta daga waje.

Injiniya ya iso da motar kaya da fara'arsa, ya nufi bangon da ya bar ƙofa, ya tarar da bango. Ya juya. Ga ta nan a mazauninta, a rufe, da allon Shugabar Makaranta a goshinta. Ya murɗa hannun, ya tura, ya ɗaga ya danna da gwiwa. Ko motsi.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba a gidansa, ya ƙwanƙwasa.

"Madam. Madam, buɗe mu yi magana."

"Ina jin ka daga nan."

"Wa ya kafa wannan? Kin san abin da kika ja mini a unguwa? Ke ko kunya, gidan mai sana'a ki kira bare?"

"Na jira mai sana'ar, bai zo ba."

Ya sassauta murya, don ma'aikata na ji. "Haba Auta. Alhaji na can yana jira, na riga na ba shi rana. Me zan ce masa?"

"Ka kira shi ka gaya masa ba ka da ƙofa."

Ya tsaya da waya a hannu yana kallonta kamar yau ya fara ganin irinta. Ya san lambar Alhaji da ka, ya san yadda ake cewa muna kan hanya, ya san yadda ake kashe masu haɗa ƙofa a tashe su. Wannan jimla guda ce bai taɓa koya ba.

Irin su Injiniya suna da yawa, kuma gari na son su. Ana yaba musu a bakin masallaci da wurin buɗe gini, ana cewa ba sa saɓa alkawari, ba wanda ke tambayar daga jikin wa aka yanko cikon. Mai ba da aiki in ransa ya ɓaci yana da inda za shi, shi ya sa ake rawar jiki a kansa. Wadda ke cikin gida an riga an yanke cewa ba ta da inda za ta, sai a yi ta ɗiba daga gare ta ana kiran abin aro, har ranar da za ta gano bakin titi ba nisa.

A cikin ɗaki Auta ta cire mayafi ta jefa kan kujera. Ta kwance ɗankwali, ta sosa bayanta son ranta. Ta hau gado ta jingina, fuskarta na kallon tsakiyar ɗakinta, ta ba 'yarta nono ba lulluɓi. 'Yar ta sha ta ƙoshi ta saki da kanta. Injiniya na can yana ƙwanƙwasawa a hankali, yana kiran sunanta. Barci ya ɗauke su su biyu da rana tsaka, uwar har da buɗe baki, bugun bai tashe ta ba.